Kirifto da dokar Najeriya: abin da aka hana da abin da aka bari

Wani ƙanena yana da ɗan shago a gefen Kasuwar Sheikh Gumi, yana sayar da sikirin da batir da sauran tarkacen gyaran waya. Da USDT, wani nau'in kirifto (kuɗin intanet) mai bin darajar dala, yake biyan dillalinsa na Chana, don kafin banki ya samo masa dala an gama cin kasuwar. Ran nan sai ga shi ya shigo gida wujiga-wujiga, wai banki ya kulle masa asusu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, ashe har yanzu kirifto laifi ne a ƙasar nan?"

Ba laifi ba ne, kuma ba a taɓa yin dokar da ta ce wanda ya mallaki Bitcoin ko USDT ya aikata laifi ba. Ruɗanin ya samo asali ne daga takardar da Babban Bankin Najeriya ya fitar ranar 5 ga Fabrairun 2021, zamanin Godwin Emefiele. Bankuna takardar ta yi wa magana: ta ce su rufe asusun masu hada-hadar kirifto, su daina hulɗa da kamfanonin. Mutum da wayarsa ba a ce masa komai ba. Sai jama'a suka koma cinikin hannu da hannu da ake kira P2P, kai ka tura naira, shi ya sakar maka koyin, wato kirifton. An toshe ƙofa ne, kowa ya bi ta taga. Ko eNaira, nairar intanet da gwamnati ta ƙaddamar a Oktoban shekarar ba ta janye hankalin kowa ba.

A Disambar 2023, bayan Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin, aka janye wancan umarni. Yanzu banki na iya buɗe wa kamfanin kirifto asusu, da sharaɗin yana da lasisin SEC, wato hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Shi kansa bankin kasuwancin dai har yau ba a yarda ya saya ko ya ajiye kirifto da sunansa ba.

Babbar dokar ita ce ta zuba jari da hannayen jari, ISA 2025, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025, ta maye gurbin ta 2007. Ita ce ta sa kadarorin intanet cikin jerin abubuwan da SEC ke da iko a kansu, kamar dai hannun jari. Ma'ana, duk kamfanin da zai buɗe kasuwar saye da sayarwa, ko ya ajiye wa mutane koyin, ko ya tallata musu wani sabo, sai ya yi rajista da hukumar. Tun a Agustan 2024 ma SEC ta ba kamfanonin kirifto na Busha da Quidax amincewar farko. Amma a lura, dokar ta ɗauki kirifto ne a matsayin kadara, ba ta mai da shi kuɗin ƙasa ba. Naira ce kaɗai wadda doka ta wajabta a karɓa. Idan ka je Kasuwar Barci ka ɗauki atamfa ka ce da USDT za ka biya, mai shago ya ce shi bai san wannan ba, gaskiyarsa ce.

Inda na fi son 'yan uwa su tsaya su karanta da kyau shi ne batun kamfanonin "kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu". Dokar ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun. Ba a yi wata guda da sa mata hannu ba wani kamfani irin wannan mai suna CBEX ya rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, EFCC ta shiga bincike. Abin da ke cin mutane a nan shi ne takarda. Za a turo maka hoton satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a guruf na WhatsApp, da tambari da komai, a ce ai kamfanin yana da rajista. Rajistar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa kamfani suna. Mai sayar da fiyawata ma yana da ita. Izinin karɓar jarin mutane a wurin SEC yake, kuma sunayen waɗanda ta ba izinin suna nan a shafinta na intanet. Sannan ko kamfanin mai lasisi ne, inshorar NDIC da ke biyan mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya durƙushe ba ta shafi koyin ba. Wanda kuma ya tsaya ya yi talla, ya jawo abokai da surukai don a ba shi kamasho, kada ya ɗauka shi ɗan kallo ne.

To me ya sa gwamnati ta damu haka? Dala. Kamfanin Chainalysis mai nazarin harkar kirifto ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, kuma kaso mai yawa ba caca ba ne, irin na ƙanena ne: biyan kaya, karɓar aike daga waje, da guje wa faɗuwar naira. A farkon 2024 hukumomi suka zargi cinikin P2P na Binance, babban kamfanin hada-hadar kirifto, da karya darajar naira. Cardoso ya ce dala biliyan 26 ta bi ta kamfanin a shekara guda ba a san masu ita ba. Aka tsare jami'ansa biyu a Abuja, a watan Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira.

Sai haraji. Tun Dokar Kuɗi ta 2023 aka sa kashi 10 cikin ɗari a kan ribar sayar da kadarorin intanet. Sabuwar dokar haraji ta 2025, mai aiki daga 1 ga Janairun 2026, ta haɗe ribar da sauran kuɗin shigar mutum: naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji, daga nan yana hawa har kashi 25. Riba ake bi, ba jari ba. Samarin Rigasa da Kawo da suka kwana danna Hamster Kombat, wasan waya mai alkawarin koyin, suna jiran ta fashe, abin da yawancinsu suka samu bai kai a yi maganarsa ba.

Shi kuwa ƙanena, da aka bi diddigi, ba kirifto ne ya kulle masa asusu ba. Ya sayar da ragowar USDT ga wani da bai sani ba, nairar ta shigo daga asusun wani mutum dabam, ashe kuɗin damfara ne, mai su ya kai ƙara, banki ya riƙe duk asusun da suka ratsa. Abin da ya cece shi shi ne bai goge komai ba: hirar cinikin, rasit ɗin turawa, da takardar odar kayansa daga Chana duk suna waya. Ya buga su a wani shagon kwamfuta, ya yi ta zirga-zirga tsakanin reshen bankin da ofishin masu bincike har aka sake masa. Yanzu in sunan mai turo kuɗi bai yi daidai da na wanda suke ciniki ba, mayar masa yake yi nan take, ko da farashin ya fi na kowa.