Waiwaye: daga ina kunyar karanta littafin soyayya ta zo mana?

Ranar Juma'a na shiga gidan yayana a unguwar Zariya, nan Maraɗi, na iske ɗiyarsa ta duƙufa a kan waya, ko sallamata ba ta ji ba. Da ta ɗaga kai ta gan ni sai ta kife wayar a cinya. Na ce, "Me kike karantawa haka?" Ta ce, "Ba komai, Gwaggo, irin labaran nan ne na soyayya." Murya ƙasa-ƙasa, kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya. Abin ya taɓa ni, domin ni ma na sha ɓoye irin wannan littafi a tsakiyar kayena na lakwal don kada mushe, malamin ajinmu, ya gani.

Kunyar nan ta girme mu duka. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ta Najeriya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, abin da yake nema shi ne littafin da wanda ya koyi boko zai karanta ya ji daɗi. Sai da ya bi malamai yana lallashi, domin a wurinsu alƙalami na ilimi ne da wa'azi, ƙirƙirar labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara. Daga gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin bai wuce shekara 22 ba. Duk wanda ya karanta shi ya san rabinsa wasan ƴar burum-burum ne tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, dariya har da hawaye. Yau shi ne ake yi wa jarrabawa, ake kira adabi mai nauyi.

Mu a wannan gefen iyaka namu ya fi tsanani. Lakwal ɗin da Faransa ta bar mana ba ta san Hausa ba. Yaron da ya yi ta a aji hukunci yake sha. Sai a 1973 aka fara gwada koyarwa da harsunan gida, kuma a makarantu ƙalilan. Saboda haka muka tashi da matakala uku a kai: littafin Faransanci a sama, su Imam a tsakiya, labarin soyayya can ƙasa.

Su waɗannan na ƙasa sun taso ne a shekarun 1980. Tattalin arzikin Najeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Siraran littattafai, takarda mai arha, an raba su na ɗaya, na biyu, na uku don mai karatu ya dawo. Da yawa daga marubutan mata ne, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suka shigo mana, cikin kayan ƴan kasuwa, tare da atamfa da kaset. Na tuna mai tebur ɗin da muke haya a wurinsa da ƴan daloli. Littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin ya koma, bangonsa ya sha manja, an ɗinke bayansa da zare.

Me ke ciki? Auren dole, kishiya, saki ba dalili, yarinyar da aka cire daga makaranta. Abin da ke faruwa a zaurukanmu da ɗakunanmu ke nan, wanda littafin aji bai taɓa ambata ba. Kuma ga abin da ba a cika faɗa ba: mata da dama a garin nan ba wani malami da ya koya musu karatun Hausa. Haruffan Faransanci suka ɗauka, suka yi ta tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ, har suka iya, saboda suna son su ji ko yarinyar ta auri wanda take so.

Masana ba su bar abin haka ba. Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu a ƙarshen shekarun 1990. A 2007 abin ya kai ga ƙona littattafai a wata makarantar ƴan mata a Kano, ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya. Hayaƙin bai tsaya a iyaka ba, mu ma iyaye suka ƙara sa ido. Amma a 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba da Turanci a Indiya, a 2016 kuma BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla.

Ban ce duka zinariya ba ne. Akwai masu ɓata ƙa'idar rubutu, akwai waɗanda ba abin da ke ciki sai mota da gidan bene, yanzu da suka koma WhatsApp kuma wasu sun zarce har batsa. Wannan a faɗe shi, a tsawata. Littafi mai nauyi ma yana da ranarsa, yana ba ka abin da za ka yi shekara kana taunawa. Sai dai macen da ta wuni a kan murhu da tallar ƙuli, in ta ɗauki labari mai sauƙi bayan lisha, ban ga bashin da ake bin ta ba.

A Maris 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ɗiyar yayana tana lise, ba ta taɓa zama ajin Hausa ba. Na ce ta buɗe wayar ta karanta mana. Ta yi jim, sannan ta fara, ba gargada. Uwarta ta ajiye tsintar wake ta matso, ta ce, "Koma baya kaɗan, ban ji abin da uwar mijin ta ce ba."