Ma'anar UWB da Gano Wuri a Cikin Gini

Duk wanda ya taɓa neman wani shago a cikin benayen Kantin Kwari da taswirar wayarsa, ya san cewa shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda mutum yake yakan rikice da zarar an shiga ƙarƙashin rufi. Dalili kuwa shi ne GPS ya dogara ne da taurarin ɗan'adam da ke nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa, kuma kafin siginarsu ta iso ta riga ta raunana, ta yadda kankare da rodi da kwanon rufi kan tare ta ko su karkatar da ita. Wannan matsala ce ta haifar da fasahar gano wuri a cikin gini, wadda UWB ke sahun gabanta wajen daidaito.

UWB taƙaitaccen suna ne da ke nufin siginar rediyo mai faffaɗan zango ƙwarai. Tashar FM tana zaune ne a kan siririn zango guda, ita kuwa UWB tana aika gajerun bugu a faɗin da ya kai megahaz (ma'aunin zangon rediyo) 500 ko fiye, kowane bugu yana ɗaukar kimanin nanosakan 2. Nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa, kuma a cikinsa sigina kan yi tafiyar santimita 30. Saboda haka idan aka auna lokacin da bugun ya ɗauka tsakanin na'urar da mutum ke riƙe da ita da wasu na'urori aƙalla uku da aka kafa a bango, lissafi zai fitar da inda yake, da kuskuren da yawanci bai wuce santimita 10 zuwa 30 ba.

A ganina, auna lokacin nan shi ne asirin al'amarin. Wi-Fi da Bluetooth galibi ƙarfin sigina suke aunawa, ƙarfin kuwa yana sauyawa idan jama'a suka cika layi ko aka jibge dilolin atamfa a tsakani, sai kuskuren ya kai mitoci. Gajartar bugun UWB ce ke ba na'ura damar bambance siginar da ta zo kai tsaye da wadda ta bugi bango ta dawo.

Wannan dawowar ita ce aikin rada, wato na'urar da ke aika sigina ta gano abu daga yadda siginar ta dawo. Kamar yadda amsa-kuwwa ke nuna wa mutum girman ɗaki, haka bugun da ya dawo yake bayyana inda bango da ƙofa suke, har a zana taswirar wuri. Hayaƙi da duhu ba su hana shi aiki kamar yadda suke hana kyamara, kuma wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 zai fahimci darajar haka ga masu kashe gobara.

Amurka ta halatta amfani da UWB ga jama'a a 2002, kamfanin Apple ya saka ta a iPhone 11 a 2019, sannan a AirTag, ƙaramar na'urar da ake maƙala wa kaya don gano inda suke, a 2021. Sai dai ƙarfe yana tare ta, kuma na'urorin bango suna buƙatar kuɗin kafawa da wutar lantarki mai ɗorewa, abin da ke da wuyar samu a kasuwanninmu.