Gudanar da Samfurin Harshe a Kwamfutar Gida

Gudanar da samfurin harshe a gida shi ne mutum ya sauke manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubutu da amsa tambaya, ya sa ta aiki a kan kwamfutarsa, ba tare da tambayarsa ta bi ta intanet zuwa rumbun wani kamfani ba. Wannan ya bambanta da ChatGPT ko Gemini, inda ainihin lissafin ke gudana a manyan cibiyoyin kwamfutoci, wayar mai amfani kuwa saƙo kawai take kaiwa da kawowa. Abin da ake saukewa fayil ne guda mai ɗauke da biliyoyin lambobi da samfurin ya koya lokacin horo, waɗanda ake kira ma'aunai. Da yawansu ake auna girman samfuri, shi ya sa ake ganin 7B ko 70B a jikin suna, wato biliyan 7 ko biliyan 70.

Asali

A watan Fabrairun 2023 kamfanin Meta ya fitar da samfurinsa mai suna LLaMA ga masu bincike kaɗai, amma cikin kwanaki ma'aunansa suka ɓulla a intanet. A watan Maris na shekarar, Georgi Gerganov, wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Bulgeriya, ya fitar da llama.cpp, manhajar da ya rubuta da harsunan kwamfuta na C da C++ don ta juya samfurin a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ta MacBook. Daga nan ƙofa ta buɗe. Llama 2 ya zo a Yulin 2023 da izinin kasuwanci, Mistral 7B na wani kamfanin Faransa ya biyo baya a Satumba, Google ya saki Gemma a Fabrairun 2024, kamfanonin Sin kuma suka shigo da ƙarfi da Qwen na Alibaba, sannan DeepSeek-R1 a Janairun 2025. OpenAI ma ya saki gpt-oss a Agustan 2025. Yawancin waɗannan fayiloli a dandalin Hugging Face ake samun su, kuma manhajoji irin su Ollama da LM Studio sun sauƙaƙa aikin har wanda bai iya rubuta manhaja ba zai iya.

RAM ce ginshiƙi

Sabon shiga yakan fara tambayar ƙarfin furosesa, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce girman ma'adanar wucin gadi, wato RAM, da saurinta. Dole samfurin ya shiga cikinta gaba ɗaya. A asalin sigarsa kowane ma'auni yana cin bit 16, wato bait 2, don haka samfurin biliyan 7 yana bukatar kusan gigabait 14, na biliyan 70 kuwa kusan 140. Kwamfutar gida kaɗan ce ke da RAM mai gigabait 140.

Mafitar ita ce matse lambobin, a rage kowanne daga bit 16 zuwa 8, ko 5, ko 4. Kamar hoton da aka tura ta WhatsApp ne: ya rage nauyi sosai, ya ɗan rasa kyau, amma ana gane fuskar kowa. A bit 4, samfurin biliyan 7 yana komawa gigabait 4 da ɗoriya, ya zauna a kwamfuta mai RAM gigabait 8, na biliyan 70 kuma ya koma wajen 40. Tsarin fayil na GGUF, wanda llama.cpp ta kawo a Agustan 2023, shi ne aka fi amfani da shi wajen wannan. In an sauka ƙasa da bit 4, lalacewar takan fara bayyana: samfurin ya riƙa kwan-gaba kwan-baya ko ya rikice a lissafi.

Sauri kuma yana da nasa hisabin. Samfuri ba ya fitar da jimla a dunƙule, gutsure-gutsuren kalma yake fitarwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin kowane gutsure sai an karanto ma'aunan daga ma'adana. RAM irin ta DDR4 mai layi biyu tana iya zuba kusan gigabait 50 a daƙiƙa, saboda haka fayil mai gigabait 4 ba zai wuce gutsure 12 a daƙiƙa ba, komai ƙarfin furosesa. Katin hoto na RTX 3090, mai ma'adanar kansa ta gigabait 24 wadda ake iya loda samfuri a ciki, yana zuba gigabait 936 a daƙiƙa. Wannan tazara ce ta sa tsohon katin ya ci gaba da daraja a kasuwar kayan hannu. Kwamfutocin Mac masu guntun Apple sun bi wata hanya, inda furosesa da sashen hoto ke shan ma'adana ɗaya, abin da ya ba su damar ɗaukar samfuran da suka fi ƙarfin katin hoto guda. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: tsawon hira ko takardar da aka ba samfurin shi ma yana cin RAM, ƙari kan girman fayil.

Amfani da iyaka

Babban dalili shi ne sirri. Likita, lauya ko ɗan jarida zai iya taƙaita takarda ba tare da ta bar ɗakinsa ba. Ba a biyan kuɗin wata, kuma bayan saukewar farko ba a bukatar data, abin da ke da muhimmanci ƙwarai inda sabis ke yankewa. Sai dai wuta na da nata haƙƙin, domin RTX 3090 kaɗai yana jan wat 350 in yana aiki, nauyi mai yawa ga mai dogaro da sola da inbata. A irin wannan hali ƙaramin samfuri a kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi dacewa.

Ƙananan samfura ba su kai manya zurfi ba, kuma sukan ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken tabbaci. Raunin ya fi tsanani a Hausa, saboda ƙarancin rubutun Hausa a cikin abin da aka horar da su, ga shi kuma kalmominta suna kakkaryewa zuwa gutsure masu yawa fiye da na Turanci, musamman masu ɓ, ɗ da ƙ, sai amsa ta yi jinkiri. Daga cikin ƙoƙarin cike giɓin akwai InkubaLM, ƙaramin samfuri da Lelapa AI na Afirka ta Kudu ya fitar a 2024 don harsuna biyar, har da Hausa.

Taƙaddamar lasisi

Ba duk abin da ake iya saukewa ne buɗaɗɗe na haƙiƙa ba. Mistral 7B da gpt-oss suna ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, DeepSeek-R1 kuma ƙarƙashin lasisin MIT, duka biyun masu barin kowa ya yi amfani da samfurin ya kuma gyara shi, amma Llama yana da sharuɗɗan Meta, ciki har da neman izini na musamman ga kamfani mai masu amfani sama da miliyan 700 a wata. Ƙungiyar Open Source Initiative, wadda ta fitar da tata ma'anar buɗaɗɗiyar ƙirƙirarriyar basira a Oktoban 2024, ba ta ɗauki Llama a matsayin buɗaɗɗe ba, kuma yawancin kamfanonin ba sa bayyana cikakken rubutun da suka yi horo da shi.