Waiwaye: finjalin gilashi da gardamar shayi a fadojin Yamai

Tun da cutar korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020 ake ja-in-ja a fadojin Yamai, wato wuraren da samari ke taruwa don hira da shan shayi. Wasu sun koma kofin roba na sha-ka-yar saboda tsafta, suna cewa shayi shayi ne ko a me aka zuba shi. Wasu kuma sun dage cewa in ba a finjalin gilashi ba, ruwan zafi kawai ka sha. Turawa ma sun daɗe suna irin wannan musu kan kofunan giyarsu, amma namu yana da asalinsa daban.

Farkon labarin sananne ne. Koren ganyen shayin daga Sin yake, fataken Ingila suka yawaita kai shi Maroko a ƙarni na 19, ayarin raƙuma ya ƙetaro da shi Sahara har Agadas da yankin Azawak.

Abin da ake tsallakewa shi ne farin 1973 zuwa 1974. Dabbobi suka ƙare, dubban Abzinawa suka gangaro Yamai, aka tsugunar da su a sansanin Lazare, wurin da yau ya zama unguwa. Da yawa ba su koma daji ba. Suka kama gadi a ƙofofin gidaje da ma'aikatu, kowa da ɗan murhunsa na waya, da buta, da finjali biyu ko uku naɗe a tsumma. A ganina a gindin waɗannan ƙofofin samarin gari suka koyi dafa shayin. Mai gadi bai riƙe gilashi don ƙawa ba. Ta cikinsa yake ganin launin shayi ya san ko ya nuna. Zafi ba ya lanƙwasa shi, ba ya sa wa shayi wari, kuma yana jure juyin da ake yi daga sama har kumfa ta tsaya. Ƙanƙantarsa kuwa ita ce ma'aunin rabo: buta guda ta zagaya kowa, zubi na farko, na biyu, na uku, ba wanda aka bari.

Da fadoji suka yawaita a shekarun 1990, aiki ya yi wuya, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, sukari da ganye suka ƙara tsada, wannan tsarin na marasa hali shi ya dace da aljihun samari, suka gaje shi yadda yake.

Masu maganar tsafta suna da gaskiya, domin finjalin da baki goma ya taɓa, ana ɗauraye shi a ruwa guda, abin dubawa ne. Sai dai ko a fadar da ta koma roba, leƙa farantin mai shayi: da gilashi yake tayar da kumfa, sannan ya juye wa kowa a kofinsa.