Waiwaye: Yadda Aisi Ya Samu Ikon Goge Kansa

Masu gyaran inbata da na'urorin famfon sola a Kasala da Gadarif na ƙasar Sudan sun daɗe suna ja-in-ja kan kulle ma'ajiyar filash, wato wurin ajiye manhaja, ta maikurokantirola, ƙaramin aisin (IC, 'yar ƙwaƙwalwar lantarki) da ke tafiyar da allon kayan wuta na cikin na'urar. Wasu na ganin kullen ya ɗaure wa mai gyara hannu, tunda ba zai iya kwafe manhaja daga lafiyayyen allo zuwa matacce ba, wasu kuma suna cewa rashin kullen ne yake kashe allunan tun farko. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya dagula wutar lantarki ya kuma ƙara wa muhawarar zafi, amma tushenta ya girme shi nesa ba kusa ba.

A 1971 Dov Frohman na Intel ya fito da EPROM, wata ma'ajiyar manhaja wadda ba ta goguwa sai an haska mata wani haske na musamman ta 'yar tagar da ke bayanta. A 1984 Fujio Masuoka na Toshiba ya gabatar da filash mai goguwa da lantarki, a 1993 kuma maikurokantirola masu ɗauke da ita suka shigo kasuwa.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne maganar bolt 12. Filash ta farko ba ta karɓar rubutu ko gogewa sai an kawo mata wannan ƙarfin daga waje, alhali allon da bolt 5 yake aiki. Saboda haka ko manhaja ta rikice, aisin ba shi da halin ɓata abin da ke cikinsa, domin wutar da zai yi ɓarnar da ita ba ta kusa. A shekarun 1990 aka sa da'irar ninka wuta a cikin aisin kansa, daga baya kuma aka ba shi umarnin goge shafi ya sake rubuta shi yana tsaka da aiki. Amfanin ba ƙarami ba ne, da shi ake sabunta manhaja ta kebul, kuma a kansa allunan Arduino na 2005, na masu koyon haɗa na'urori, suka ginu. Sai dai mabuɗin rumbu ya koma cikin rumbu. Idan batir ya yi sanyi wuta ta sauka ƙasa da ƙima, aisin yana iya karanta umarni ba daidai ba ya faɗa cikin sashen gogewa, kuma filash ba ta goge harafi ɗaya, shafi guda take sharewa.

Kariyar da ta maye gurbin waccan ta zama saiti: da'irar da ke tsayar da aisi idan wuta ta sauka, da kullen hana rubutu a sassan da aka zaɓa. A aisi da yawa dukansu a kashe suke zuwa, sai mai rubuta manhaja ya tuna ya kunna, kuma a ganina nan ne yawancin allunan suke mutuwa.

Kullen da masu gyara suke kuka da shi daban ne, na hana karantawa ne. A jerin maikurokantirola na STM32, wanda aka fara a 2007, cire matakin farko na wannan kulle yana share ma'ajiyar gaba ɗaya, a yawancin waɗanda ke da mataki na biyu kuwa wannan matakin ba ya ciruwa sam. Ana iya kulle rubutu a bar karatu a buɗe, domin saitin biyu ba a haɗe suke ba.