Darasin Zane da Waƙa Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

An daɗe ana ɗauka a Bauchi cewa darasin zane da waƙa a makaranta wasa ne kawai, ko kuma hanyar mayar da yaro maroƙi, har wasu iyaye kan nemi a ba lissafi wannan lokacin. Wannan fahimta kuskure ce. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara wa firamare da ƙaramar sakandare, kuma ya haɗa zane, ƙira, waƙa da wasan kwaikwayo.

Yaron da yake auna faɗin takarda domin ya fitar da dagi daidai, ko yake ƙirga gaɓoɓin baiti, lissafi yake yi, hannunsa kuma yana koyon natsuwa. Koyarwa da waƙa ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin da waƙoƙi Nana Asma'u ta ilimantar da mata ta hannun ƙungiyar matan da ta kafa mai suna 'yan taru. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya gama makaranta bai taɓa jin labarin zanen duwatsun Geji da Shira ba, ko Gidan Madaki da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina a Kafin Madaki, alhali duk a jiharsa suke.