Rage nauyin kaya a tattakin kwanaki

Rage nauyin kaya a tattakin kwanaki wata dabara ce ta masu tafiyar ƙafa a daji ko kan duwatsu, waɗanda ke goya duk abin da za su ci, su sa, su kwana a ciki, na tsawon kwana biyu zuwa watanni. Manufarta ita ce mutum ya ɗauki mafi ƙarancin kayan da za su kai shi su dawo da shi lafiya. Wanda ke tafiya a mota ba ya jin nauyin abin da ya ɗora, amma mai tattaki kowane giram yana bisa kafaɗarsa da ƙugunsa da gwiwoyinsa tun daga fitowar rana har inda zai ya da zango. Shi ya sa batun ya zama fanni mai zaman kansa, da ma'aunansa da gardandaminsa.

Yadda ake auna nauyi

Masu wannan harka suna raba kaya gida biyu. Akwai kayan da ke ƙarewa a hanya, wato abinci da ruwa da makamashin girki. Akwai kuma kayan da ba sa raguwa, kamar jaka da tanti da jakar barci, wato bargo mai siffar buhu da ake shiga ciki a kwanta, da tukunya da tufafin da ke cikin jaka. Nauyin kashi na biyun ake kira nauyin asali, kuma da shi ake kwatanta matafiyi da matafiyi, domin guzuri yana canzawa gwargwadon kwanakin tafiya. A Amurka, inda waɗannan ma'aunai suka yaɗu, ana kiran kaya marasa nauyi idan nauyin asali bai kai kilo 9 ba, marasa nauyi ƙwarai idan ya gaza kilo 4.5, sannan akwai 'yan tsiraru da ke sauka ƙasa da kilo 2.3. Babu hukumar da ta kafa waɗannan iyakoki, al'adar matafiya ce kawai ta tsayar da su.

Game da jimillar kaya kuwa, shawarar da aka fi ji ita ce kada jaka cike ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikin mai ita. Mai kilo 70 ke nan ya tsaya a kilo 14. A hanyar ziyara ta Santiyago da ke Sifen, inda ake kwana a masaukai kuma ake sayen abinci a ƙauyuka, abin da ake faɗa wa sababbi shi ne kashi 10 cikin 100. Waɗannan lambobi jagora ne kawai. Shekaru da ƙarfin jiki da tsohon ciwon gwiwa ko na baya duk suna iya sauke su.

Tarihi

Tafiya da kaya kaɗan ta girmi kayan zamani nesa ba kusa ba, domin makiyaya da mafarauta a ko'ina cikin duniya sun san ta tun fil azal. A rubuce dai, cikin waɗanda suka fara kare ta a matsayin tsari akwai Ba'amurke George Washington Sears, wanda ya yi rubutu da sunan Nessmuk. Mutum ne ɗan ƙarami marar ƙoshin lafiya, ya ratsa tafkunan yankin Adirondak na Amurka cikin kwalekwalen da bai kai kilo 5 ba, kuma a 1884 ya fitar da littafi yana jan hankalin mutane su bar lodin kaya.

Labarin da ya fi zama abin misali shi ne na Emma Gatewood. A 1955, tana da shekara 67, wannan uwar 'ya'ya 11 daga jihar Ohayo ta Amurka ta taka doguwar hanyar duwatsun Apalaciya ita kaɗai, daga jihar Jojiya zuwa jihar Meyin, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Takalmin yadi ne a ƙafarta, kayanta kuma cikin wani buhu da ta ɗinka da hannunta tana saɓa shi a kafaɗa: bargon soja, rigar ruwa, da labulen banɗaki na roba wanda take fakewa a ƙarƙashinsa. Ta sake taka hanyar a 1957. Ya kamata a faɗi cewa ta sha wuya sosai, kuma sau da yawa mutanen da ke gefen hanya ne suka ba ta abinci da makwanci, don haka ba kowane yanki na labarinta ne abin kwaikwayo ba. Abin da ta tabbatar shi ne yawancin kayan da ake ɗauka a matsayin dole, ba dole ba ne.

Wanda ya mayar da abin tsari a zamanin nan shi ne Ray Jardine, injiniya kuma mahayin duwatsu. Shi da matarsa sun taka hanyar Fasifik Kires, mai tsawon kusan kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, fiye da sau ɗaya, suna rage kaya a kowane karo. Littafin da ya wallafa a 1992 ya yi kira da a musanya tanti da tamfol, jakar barci da mayafi, takalmin fata mai nauyi da takalmin gudu, kuma mutum ya koyi ɗinka kayansa. Da farko an ɗauke shi mai wuce gona da iri. Yau yawancin masu doguwar tafiya a waɗannan hanyoyi suna bin wani ɓangare na koyarwarsa.

Manyan kaya uku

Jaka da makwanci da kayan barci su ne suka fi komai nauyi, kuma a kansu ake samun ragin kilo-kilo. Yanke mariƙin buroshin haƙori, wanda ake yawan ba da labarinsa, giram kaɗan yake ragewa, alhali sauya tanti mai kilo 3 da mai kilo 1 yana sauke kilo 2 nan take.

A wajen makwanci, mafi sauƙi shi ne tamfol da ake kafawa da sandunan dogarawa da igiya. Yana tare ruwan sama idan an iya kafa shi, amma ba ya hana sauro, kuma yana buƙatar mutum ya san karanta iska ya zaɓi wurin da ruwa ba zai kwanta ba. Tanti mai bango ɗaya ya fi shi rufi, sai dai tururin numfashi yana taruwa a jikinsa cikin dare. Mai bango biyu ya fi daɗin kwana, ya fi nauyi. Yadin da ake amfani da shi yawanci nailan ne ko foliyesta da aka shafe da silikon. Akwai kuma yadin Dyneema, wanda aka fara ƙera shi don filafilan jiragen ruwa na tsere. Ba ya shan ruwa, ba shi da nauyi, amma tsadarsa ta sa ba kowa ke iya saye ba.

Kayan barci suna da hikimar da sababbi kan tsallake. Abin da ke riƙe ɗumi a jakar barci shi ne iskar da ke maƙale cikin lallausan gashin agwagwa ko zaren roba. Ɓangaren da mutum ya danne da jikinsa ya rasa wannan iska, don haka kusan ba ya ɗumama komai. Wannan ne dalilin da masu rage kaya suka koma mayafi marar baya, suka bar wa shimfiɗa aikin tare sanyin ƙasa. Shimfiɗar kuwa, ko ta soso ko ta hurawa, tana da lambar da ke nuna ƙarfinta na hana zafin jiki zurarewa, kuma mutum na iya kwana cikin jakar barci mai kyau ya tashi yana rawar ɗari saboda shimfiɗarsa ba ta isa ba. Gashin agwagwa ya fi zaren roba ɗumi idan aka auna nauyi da nauyi, kuma ya fi matsuwa cikin jaka, amma da zarar ya jiƙe ya tashi aiki. A wurare masu yawan ruwa da laima, zaren roba ya fi aminci.

Jaka ita ce ya kamata a saya daga ƙarshe, bayan an san yawan abin da za a zuba mata. Babbar jaka tana kiran kaya, domin ido ba ya son ganin wuri a sake. Mai lita 40 zuwa 55 tana wadatar da yawancin tafiyar kwanaki idan ba lokacin tsananin sanyi ba. Jaka marar ƙarfen tallafi ba ta da nauyi, amma da kaya sun haura kilo 10 ko makamancin haka sai ta zube a kafaɗa. A irin wannan hali jaka mai tallafi da ɗamarar ƙugu mai kauri, duk da ta fi nauyi a sikeli, ta fi sauƙi a jiki.

Tufafi da takalmi

Nan ne aka fi yin lodin banza. Ƙa'idar ita ce kaya ɗaya na tafiya, ɗaya busasshe na barci da ake ajiyewa cikin leda, da safa biyu ko uku. Ana sa tufafi hawa-hawa: na jikin fata mai fitar da gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, da na waje mai tare iska da ruwa. Ulu da foliyesta sun fi auduga a wuri mai sanyi, saboda auduga tana riƙe ruwa ta manne wa jiki tana zuƙe zafinsa, abin da kan kai ga faɗuwar zafin jiki ko da ba a kai ga ƙanƙara ba. A tuna kuma cewa zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, don haka yanayin gindin dutse ba ya nuna na samansa.

Nauyin da ke ƙafa ya fi wanda ke baya cin ƙarfi, tunda ana ɗaga shi ana sauke shi a kowane taku. Matafiya kan ce kilo ɗaya a ƙafa daidai yake da biyar a baya. Wannan ya sa da yawa suka koma takalmin gudu na daji, wanda ke saurin bushewa. Ko wanne aka zaɓa, kada a fara doguwar tafiya da sabon takalmi, domin bororo ɗaya a diddige ya isa ya ɓata kwana uku.

Guzuri da ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, babu dabarar da za ta canza haka. Abin da ake iya yi shi ne a duba taswira a san inda ƙoramu suke, a ɗauki abin da zai kai zuwa ta gaba da ɗan ƙari, sannan a tace. Matatar hannu tana cire bakteriya da ƙwayoyi irin su Giardia, amma yawancinsu ba sa cire bairos. Tafasawa na minti ɗaya tana kashe su duka, minti uku idan an haura mita 2,000. Ƙwayar maganin tsabtace ruwa ta kilorin dayoksaid ba ta da nauyi, sai dai tana iya buƙatar awa huɗu kafin ta gama da Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta da ake samu cikin ruwa. A hamada ko lokacin rani lissafin ya juya gaba ɗaya: ruwa ya zama kaya mafi nauyi, kuma ba a rage shi.

Abinci kan kai giram 700 zuwa kilo ɗaya a rana ga mutum ɗaya. Ana zaɓen busasshe mai yawan kuzari. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuma 4, shi ya sa gyaɗa da dangoginta da man zaitun da cuku mai tauri suke cika jakar masu doguwar tafiya. Abincin gwangwani rabinsa ruwa ne da ƙarfe. Wasu na girki a ƙaramin risho na gas da tukunya guda ta titaniyom, wani ƙarfe marar nauyi, wasu na ƙera murhun da ke ci da sifirit daga gwangwanin lemo, wasu kuma sun bar wuta ɗungurungum, suna jiƙa abinci a ruwan sanyi cikin roba mai murfi. A wasu wurare doka ce ke ƙara nauyi: a dajin Yosemiti na Amurka dole mai kwana a daji ya zuba abincinsa cikin mazubi mai tauri da beyar, wata babbar dabbar daji, ba za ta iya buɗewa ba.

Tacewa da shirya jaka

Hanyar da ta fi aiki ba ta buƙatar kuɗi. A sami sikelin kicin a auna kowane abu a rubuta. Mutum yakan sha mamakin yadda caja da wuƙa da kwalbar sabulu da littafi suke haɗuwa su yi kilo biyu, da yayyafi kogi kan cika. Bayan kowace tafiya a zazzage jaka a ware abin da ba a taɓa ba, a tambayi kai dalilin ɗaukarsa. Sau da yawa amsar ita ce fargaba, ta sanyi ko ta yunwa ko ta duhu. Idan fargabar tana da tushe, kayan su zauna. Idan ba ta da shi, su tsaya a gida. Ana kuma fifita abu ɗaya mai aiki biyu: sandar dogarawa ta zama turken tanti, tukunya ta zama kwano, rigar sanyi a cikin jakarta ta zama matashi. Masu tafiya tare suna raba tanti da risho da matatar ruwa a tsakaninsu.

Wajen zubawa, jakar barci tana ƙasa, kaya masu nauyi kamar abinci suna tsakiya manne da gadon baya, rigar ruwa da abin taɓawa suna sama ko a aljihun waje. Ledar shara mai kauri da aka shimfiɗa cikin jaka tana kare kaya daga ruwa fiye da murfin da ake rufawa ta waje.

Iyakar ragi

Akwai kayan da ba a auna su da yawan amfani, domin ranar da aka buƙace su ita ce ranar da rai ke hannunsu. Ƙungiyar mahaya duwatsu ta The Mountaineers da ke birnin Siyatil na Amurka ta fara koyar da jerin muhimman abubuwa goma tun shekarun 1930, kuma har yau ana dogara da shi: abin gane hanya, fitila, kariyar rana, kayan taimakon farko, wuƙa da kayan gyara, abin kunna wuta, mafakar gaggawa, da ƙarin abinci da ruwa da tufafi. Ana iya ƙanƙanta kowanne, amma ba a cire shi. Waya tana iya zama taswira, sai dai batirinta yana saurin mutuwa cikin sanyi, don haka taswirar takarda da kamfas suna da gurbinsu a hanyar da ba a sani ba.

Babban haɗarin wannan dabara shi ne kwafar jerin kayan wani. Wanda ya kwana ɗari a ƙarƙashin tamfol ya san inda zai kafa shi idan hadari ya haɗo, ya san lokacin da zai sauka daga tudu kafin tsawa, ya san yadda jikinsa ke ji idan sanyi ya fara kama shi. Wannan sani ne ke tsaya masa a madadin kayan da ya bari. Sabon shiga da ya ɗauki jerin nan ya samu kayan ba tare da sanin ba. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar a fara da kwana ɗaya kusa da hanyar mota, cikin yanayi mai sauƙi, a gwada sabon makwanci ko mayafi a inda za a iya komawa idan dare ya yi tsanani, sannan a ƙara nisa da kwanaki a tafiya ta gaba.